Ƙwan da za a barbara da damina, tun bazara ake gina shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili kan wani ƙorafi da ya yi yawa a bakin masu kiwo daga Tawa zuwa Abalak har Yamai: an yi wa saniya allurar barbara da saukar damina, ciyawa ta fito, amma kwana 21 na cika sai ta dawo tana neman sa, wato bijimi. Nan take a ɗora laifi kan mai allura ko maniyyin da ya kawo. Wani lokaci laifinsu ne. Sau da yawa kuma ƙwan saniyar ne ya samu rauni tun watanni baya.

Maraƙa da ƙwayayenta ake haihuwarta, dubun dubata, ba ta ƙara ko ɗaya. Kowane ƙwai na kwance cikin 'yar jakarsa, faɗinsa bai wuce milimita 0.03 ba. In jaka ta farka, takan ɗauki watanni kafin ta nuna, kuma kimanin kwana 40 na ƙarshe ne take tara ruwa tana kumbura kamar ƙurji.

A cikin waɗannan watanni ƙwan ba zaman banza yake ba, guzuri yake tarawa. Faɗinsa na ninkawa huɗu, ya kai kusan milimita 0.12. Yana yin ɓawo mai kauri a kewaye, amma ƙwayoyin da ke rainonsa sukan zura siraran hannuwa ta cikin ɓawon suna miƙa masa abinci. Mitokondiriya, wato murhun da ke ba shi ƙarfi, suna yawaita ƙwarai. Ɗigon kitse na taruwa, shi ya sa ƙwan saniya yake da duhu a madubin likita, ba kamar na ɗan Adam ba. Yana kuma ajiye saƙonnin gado da ɗan tayi zai rayu da su, domin ɗan tayin saniya ba ya kama ragamar kansa sai ya kai ƙwaya 8 zuwa 16. Jakar na kai milimita 3, ƙwan ya kusa rufe rumbu. Abin da bai shiga ba a lokacin, da wuya ya shiga daga baya. Don haka masu haɗa ɗan tayi a ɗakin gwaji ba sa ɓata lokaci kan jakar da ba ta kai milimita 2 ba, kuma ko a cikin ƙwayayen da suka zaɓa, kamar uku zuwa huɗu cikin goma ne ke kai matakin dasawa.

Sauran aikin ƙwan cikin yini guda ake gama shi, bayan jakar ta gama girma. Jaka ɗaya ke danne sauran, a shanunmu masu tozo takan fashe da milimita 10 zuwa 13, ƙasa da ta shanun Turai. In sinadarin LH, wanda ke sa jakar ta fashe ta saki ƙwan, ya tashi a farkon neman sa, ƙwan ya yar da rabin zaren gadonsa, daga 60 a ƙarshe a tsaya kan 30. Wasu ƙananan ƙunshi kuma su jeru daf da fatarsa kamar masu gadi. Maniyyi ɗaya na shiga sai su fashe, ɓawon ya taurare, ƙofa ta rufe. In ba su jeru daidai ba, biyu su kutsa, cikin ya lalace ba wanda ya sani.

To, a duba abin da Afrilu da Mayu ke yi wa wannan gini. Zafi ya haura digiri 40, makiyaya ta zama rairayi, saniya mai shayarwa na cin kitsen jikinta. Wannan narkakken kitse na bin jini ya shiga ruwan jakar ya cutar da ƙwan, zafi kuma ya raunana mitokondiriya. Ƙwayayen da suka sha wannan wuya su ne ke fitowa a Yuni da Yuli, raunin kan ɗauki wata biyu kafin ya wuce. Shanun Azawak da Bororo sun fi juriya, gaskiya ne, amma 'yan ruwa biyu da ake tatsa a gefen Yamai abin na kama su sosai.

Shawararmu: saniyar da ake son barbara da damina, a fara kula da ita wata biyu zuwa uku kafin nan. Kilo 1 zuwa 2 na dusa ko angurya a rana, harawa in da hali, gishirin lasa, ruwa kada ya gaza lita 40, da rumfa daga hantsi zuwa la'asar. Wadda haƙarƙarinta ke ƙirguwa daga nesa, a jinkirta mata, asarar kuɗin allura ce kawai. In ta dawo sau ɗaya a farkon damina, kada a yi gaggawar kai ta kasuwa, a ba ta zagaye ɗaya ko biyu.

Lokacin allura ma da ƙwan yake tafiya. Yana fita kimanin awa 24 zuwa 30 bayan ta fara tsayawa a hau ta, kuma ƙarfinsa ba ya kai awa 12. Wadda aka ga ta tsaya da safe a yi mata da yamma, ta yamma kuma washegari da safe. Shanunmu neman sansu gajere ne, sau da yawa cikin dare, don haka a leƙa garke da asuba da kuma bayan isha'i.

Naku,
Wasu likitocin dabbobi, Tawa