Godiya ga Alhaji mai shagon fulawa da yis a Tsohuwar Kasuwa, Sakkwato

Assalamu alaikum Alhaji, da kai da yaran shagonka. Mu mata ne masu gasa burodi a gida a unguwannin Mabera da Runjin Sambo, kuma mun ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a, musamman saboda yis ɗinku.

Yis abu ne mai rai. Zafi da danshi suna kashe shi, kuma a garin nan ana yawan baje shi a faranti cikin rana, an ƙulla a leda. Ku kuwa kuna ajiye shi a rufe a can ƙuryar shago inda babu rana, ba ku yaga fakiti sai a gaban mai saye, kuna nuna ranar ƙarewarsa. Har gwaji kuke koya wa sabon shiga: cokalin shayi ɗaya na yis da ɗaya na sukari a rabin kofin ruwa mai ɗumi, a jira minti 10. In ya yi kumfa yana da rai. In ya kwanta shiru, kada a ɓata fulawa a kansa.

Sai awo. Kuna auna fulawa a sikeli, kuma kuna da gaskiya, domin gwangwani ɗaya in an danna shi ya fi wanda aka zuba sakwa-sakwa nauyi, nan ne burodin mutane da yawa ke yin tauri. Awon da kuke bayarwa mun gwada shi, daidai yake: fulawa kilo 1, yis giram 10, sukari giram 100, gishiri giram 15, bota giram 60, ruwa kusan mililita 600. Kada a zuba gishiri kai tsaye a kan yis, a fara cakuɗa shi da fulawa. A murza kwaɓin minti 15, har ya daina kama hannu, in an ja shi ya miƙe bai tsinke ba. Wadda ta gaji ta bari a minti 5 za ta samu burodi mai marmashewa.

Abin da ya fi burge mu shi ne shawararku tana bin lokaci. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, kwaɓi ya ninka cikin minti 40 ko ƙasa da haka. In an bar shi awa biyu kamar yadda aka saba, sai ya yi tsami, ya faɗi a wuta. Shi ya sa kuke cewa a kwaɓa da ruwan randa, a ɗan rage yis, a bar duba agogo a duba kwaɓin. Da hunturu kuma ruwa mai ɗumi ne, irin wanda yatsa zai jure, tun da ruwan da ya kai digiri 60 yana kashe yis. A rufe kwanon da jiƙaƙƙen yadi, in ba haka ba iska ta busar da saman ya yi ɓawo. Bayan tashin farko a buge iskar, a raba, a sa a gwangwanin da aka shafa wa bota, a bar shi ya sake tashi.

Ba ku raina marasa obin ba. Tukunya mai kauri, yashi a ƙasa, a ɗora gwangwanin a kan ƙarfe ko duwatsu kada ya taɓa yashin, garwashi kaɗan a ƙasa, wani a kan murfi, minti 30 zuwa 35. Wutar ƙasa in ta yi yawa gindi ya ƙone, ciki na ɗanye. In an ƙwanƙwasa gindin ya yi ƙara kamar ganga, ya nuna. A fitar da shi daga gwangwani nan take don kada ya yi gumi.

Mun kuma shaida ba ku sayar da sinadarin buromet, wanda hukumar NAFDAC ta haramta sa shi a burodi, duk da akwai masu nemansa don burodi ya kumbura. Yaranmu ne ke cin burodin nan, Alhaji. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara buɗi, Ya sa albarka a kasuwa.

Daga mata masu gasa burodin gida,
Mabera da Runjin Sambo, Sakkwato