Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jihar Maraɗi: a auna kasuwarmu kafin a rubuta mana sabon tsari

Mai girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya taya ka riƙon wannan amana, ina rubuto maka ne a kan yadda ake tsara ayyukan raya jiharmu, da binciken da ya kamata tsarin ya tsaya a kansa. Ni tsohon malamin gona ne, yanzu ina taimaka wa ƙungiyoyin manoma wajen ajiya da sayar da amfanin gonarsu. Na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a saboda ta shafi kowa, daga mai awon hatsi da tiya har zuwa alhajin da ke loda manyan motoci.

Roƙona ɗaya ne, ranka ya daɗe. Kada a sake rubuta wa Maraɗi tsarin shekara biyar sai an fara auna abin da mutanen Maraɗi ke ci da shi a zahiri, kuma masu awon su zama mutanen da ke zaune a nan rani da damina.

Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 3 da dubu 402 a jiharmu, kusan ɗaya cikin biyar na 'yan Nijar, a kan filin da kaɗan ya ɗara kashi 3 cikin ɗari na ƙasar. Binciken lafiyar iyali na wannan shekarar ya nuna mace a nan takan haifi 'ya'ya 8 da ɗoriya a tsawon rayuwarta. Yaran da aka haifa lokacin ƙidayar yau sun isa riƙe hauya. A Madarunfa da Agye da Gidan Rumji, gandun da kaka ya noma da 'ya'yansa yanzu jikoki ne ke raba shi da igiya, mata da yawa kuma sun rasa gamanar da a da ake yanka musu. Don haka noma kaɗai ba ya riƙe gida. Abin da ke cike giɓin shi ne kasuwa, da kiwon akuya, da 'yar sana'ar mata, da kuɗin da samari ke aikowa daga cin rani. Nan ne kuwa lissafinmu ya fi rauni.

Duk wanda ya zauna a rumfar hatsi ya san ba a Yamai ake yanka farashin wakenmu ba. A Dawanau ta Kano ake yanka shi, da Jibiya, da kuma bakin 'yan canji masu faɗin yadda naira ta kwana. Dubi abin da ya same mu cikin 'yan shekarun nan. Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya biyo baya daga ƙarshen Yuli 2023 har zuwa Fabrairu 2024, aka yanke wutar da ke zuwa mana ta layin Katsina zuwa Gazawa, masu niƙa da masu ƙanƙara da masu walda suka zauna haka nan. Daga tsakiyar 2023 zuwa farkon 2024 naira ta faɗi daga wajen 460 a dala ɗaya ta Amurka zuwa sama da 1,500. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, ba ta motsi. Ma'anar wannan a kasuwar bisashe ita ce, ɗan Najeriyar da ya saba sayen raguna da awaki a hannunmu ya iske kuɗinsa ba ya kai wa, ya koma gida, makiyayin Dakwaro ya juya da dabbobinsa. A lokaci guda kayan kamfanonin Kano suka yi araha a wurinmu, ƙaramin mai sarrafa kaya na cikin gari ya kasa gogayya da su. Kowane ɗayan waɗannan ya taɓa tukunyar gidan manomi fiye da yadda wasu manyan ayyukan raya karkara suka taɓa ta. Tsarin da bai tanadi abin da za a yi ranar da iyaka ta rufe ko naira ta faɗi ba, bai san Maraɗi ba.

Mun ga wannan darasi tun 2005. A shekarar, jiharmu da ake kira rumbun ƙasa ita ce ta fi cika cibiyoyin jinyar tamowa da yara. Hatsi yana cikin kasuwa, kuɗin sayensa ne babu. Farashi ya hau a arewacin Najeriya, hatsi ya bi farashi ya gangara kudu, manomin da ya sayar da araha a kaka don biyan bashi ya dawo saye a bazara da ninkin kuɗin. Da akwai masu bin motsin kasuwar Kano da Katsina mako-mako suna kai wa hukuma labari da wuri, da an rage wannan ɓarna.

Ga misali na kusa. A Oktoba 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi zuwa waje, ban da Mali da Burkina Faso, wake kuma yana cikin jerin. Na fahimci niyyar, kuma niyya ce mai kyau: a kare talaka daga tsadar cimaka bayan ambaliyar da ta yi mana mummunar ɓarna a wannan daminar. Amma gero abinci ne, wake kuwa a wurin manominmu kuɗi ne. Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya, kuma ba mu iya cinye abin da muke nomawa. Manomi yana sayar da wakensa ne ya sayi gero, ya biya magani, ya aurar da 'yarsa. Idan wake ya rasa mai saye, geron da aka so a kare masa ma sai ya gagare shi. Ba ina cewa a yi ko a bari ba. Ina cewa irin wannan mataki yana bukatar wanda zai shiga kasuwannin Tasawa da Mayahi da Sabon Mashi kafin a ɗauke shi da bayan an ɗauke shi, ya rubuta abin da tiya ta kama, ya tambayi gidaje abin da suka samu da abin da suka rasa, sannan ya ajiye maka a tebur, kai kuma ka kai Yamai da hujja a hannu.

Ko mu ɗauki aya. Jiharmu ce ke noma mafi yawan ayar ƙasar nan, kuma tana zuwa har Sifaniya inda ake yin abin sha da ita. Na sha tsayawa a gonar aya lokacin haƙa. Ana ƙone ganyen, a kafce ƙasa, mata su durƙusa da rariya suna tankaɗe cikin ƙura tun hantsi har la'asar, fuska da gashin ido duk sun yi fari, yaro a baya yana tari. Bayan an kwashe, gonar takan zama tsirara, iskar hunturu ta ɗebe ƙasar sama. Aya kuma mai cin taki ce, wanda bai zuba ba ba zai ga komai ba. To a cikin kuɗin da buhu ke kamawa idan ya isa bakin teku, nawa ne ke komawa hannun wannan matar? Nawa dillali ya ci, nawa ya tafi a hanya, nawa gonar ta yi asara wanda ba a sa shi a lissafi? Idan aka wanke ta aka tace aka shanya yadda masu saye na waje ke so a nan Maraɗi, me zai ƙaru? Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibin jami'a zai iya amsa su a kaka guda idan aka ba shi babur da kuɗin mai da malamin da zai duba aikinsa.

Dattawanmu sun san abin da dogaro da kaya guda ke jawowa. Gyaɗa ce ta gina wannan gari bayan ambaliyar 1945 ta sa an taso daga kwari zuwa tudu. An kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikinta, kuma a shekarun 1960 ita ce fiye da rabin abin da Nijar ke sayarwa waje. Farin 1973 da cutar da ta kama gyaɗar a 1975 suka durƙusar da ita, alhazai suka koma fataucin kayan da ke ratsawa zuwa Najeriya. Wannan fatauci ya yi attajirai, amma arzikinsa a rataye yake da dokar da wata ƙasa za ta iya canzawa da safe ɗaya.

Ranka ya daɗe, abin da ya sa nake da ƙwarin gwiwa shi ne, bincike ya riga ya nuna amfaninsa a wannan ƙasa tamu, a idonmu. Tun 1983 aka fara yaɗa sassaben zamani a karkarar Maraɗi, wato barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sare shi. Yau ana maganar kadada miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 tsakanin Maraɗi da Damagaram, baƙi daga ƙasashe suna zuwa Ɗan Saga su ga gawo tsaye cikin gero. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda masanan INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, na nan suka gwada tare da jami'ar Purdue ta Amurka tun 2007, ya sa mace tana iya ajiye wakenta wata da watanni ba tare da maganin ƙwari ba, ta sayar lokacin da ya yi daraja. Ɗan ƙwaron nan da ake rataye wa a ƙananan buhuna a ƙauyuka don ya kashe tsutsar zangarniyar gero, shi ma daga hannun masananmu ya fito. Tashar binciken noma ta Tarna tana nan tun zamanin Turawa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana yaye ɗalibai tun bayan kafa ta a 2010. Akwai reshen hukumar ƙididdiga, akwai masu bin farashin hatsi da na bisashe a kasuwanni, akwai zauren 'yan kasuwa da na manoma. Mutanen suna nan. Abin da ya rage shi ne a haɗa su wuri ɗaya, a ba su tambayoyin jiha su amsa.

Abin da muka saba gani kuwa, idan lokacin rubuta tsari ya yi, sai a ɗauko ƙwararre daga nesa da kuɗin masu ba da tallafi. Ya kwana kaɗan a masauki, ya tara mu a zaure, ya cika allo da takardu, ya tafi. Bayan watanni kundi ya dawo da Faransanci, mai kauri, wanda magajin garin ƙauye ba zai karanta ba balle shugabar ƙungiyar mata. Idan furojen ya ƙare, bayanan da aka tattara su tafi tare da kwamfutar da aka zuba su. Ba na raina ilmin baƙo, amma da ɗan gari akan ci gari.

Maganar ta ƙara zama ta gaggawa saboda jirgin ƙasa. A Fabrairu 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, kilomita 284, kamfanin Mota-Engil ke aikin, kuɗinsa ya kusa dala biliyan 2 ta Amurka. Najeriya ta san abin da take so da shi: kayanta su shigo, namu da na maƙwabta su bi ta tashoshin ruwanta. Mu fa? Idan taragon ya zo cike da siminti da taliya da robobi, me zai koma da shi? Idan ɗanyen wake ne da ɗanyar aya da fatar jar akuya da ba a jeme ba, to mun ƙara wa wasu saurin kwashe ribar ne kawai. Fatar jar akuyar Maraɗi sananniya ce a wurin masu jima na duniya, muna da cibiyar kiwonta tun shekarun 1960, amma mafi yawanta a Kano take samun darajarta. Kuma direbobi da 'yan dako da 'yan kamasho da ke ci a hanyar Ɗan Isa, ina za su dosa ranar da kaya suka koma kan dogo? Yanzu ne lokacin wannan lissafi, tun kafin a ji kukan jirgin.

Ruwa ma yana cikin lissafin. Tun da aka gina madatsar Jibiya, Gulbin Maraɗi ba ya malala kamar da, alhali akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan da Nijar da Najeriya suka haɗa. Masu zogale da kayan lambu na Jiratawa da ruwan ƙarƙashin ƙasa suke aiki. Kafin a ƙara haƙa rijiyoyin noman rani, a riƙa auna zurfin ruwan kowace shekara ana ajiyewa. Haka kuma gonakin bakin iyaka da aka daina nomawa saboda 'yan bindiga, da shanun huɗa da aka sace, a san yawansu, domin tsarin da ya ƙidaya su a matsayin masu ba da amfani zai yi ƙarya tun daga shafin farko.

Ga abin da nake roƙo a aikace. Ka kira shugabannin jami'a da na Tarna da na ƙididdiga da wakilan 'yan kasuwa da manoma da makiyaya, mata a cikinsu, a kafa ƙaramin rukunin bincike na dindindin a ƙarƙashin kulawarka. Ba ya bukatar sabon gini ko jerin motoci. A ware masa kaso a kasafin kuɗin jiha, ko yaya ƙanƙantarsa, don kada ya mutu ranar da mai tallafi ya tattara nasa ya nasa. Aikinsa na farko ya zama bin wake da aya da fata daga gona har iyaka, da ƙidayar abin da ke ratsa kan iyakar ta hanyar hukuma da ta bayan fage, ba don a kama kowa ba, don a san girman abin. Ɗan kasuwa ba zai faɗi gaskiya ba sai ya tabbata maganarsa ba za ta dawo masa a takardar haraji ba, saboda haka wannan alkawari daga bakinka ya kamata ya fito. Duk wata uku a fitar da sakamakon a shafi biyu, da Hausa da Fulatanci da Faransanci, a karanta a gidajen rediyon karkara ranar kasuwa, domin manomin da aka tambaya ya ji abin da aka samu, ya gyara inda aka yi kuskure.

Sannan ina roƙon a sa doka a kan duk wanda ya zo yin bincike ko aiki a jiharmu, na gida ko na waje: kafin ya tafi ya bar kwafin bayanansa a ɗakin karatun jami'a. Wannan ba ya cin ko dala, sa hannunka kawai yake jira, kuma ana iya fara shi kafin kaka mai zuwa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba jiharmu zaman lafiya da damina mai albarka.

Wassalam,
Wani tsohon malamin gona,
Maraɗi.