Sanarwa: Gwajin ƙarfin ƙashi ga iyayenmu mata

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Ranar 20 ga Oktoba, ranar yaƙi da cutar raunin ƙashi ta duniya (cutar da ke sa ƙashi ya rage ƙarfi har ya yi saurin karyewa), za mu kai iyayenmu mata asibiti a auna ƙashinsu da na'urar Deksa, mai ɗaukar hoton ƙashi don gane ƙarfinsa. Cutar nan ba ta sallama, sai an ɗan zame a banɗaki kwatangwalo ya karye. Gwajin ba zafi, kwanciya ce ta ƴan mintuna. Gwajin na ba da makin ƙarfin ƙashi; makin -2.5 ko ƙasa da haka (kamar -3) shi ke nuna cutar.

Mai mahaifiya ƴar shekara 65 zuwa sama, ko wadda ta taɓa karaya bayan ɗaukewar al'ada, don Allah ya turo sunanta kafin Juma'a. Iyayen su dakatar da shan ƙwayar kalsiyam tun ana gobe, su sa kaya marasa zif. Mota za ta tashi ƙarfe 8 na safe.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, amin.