Fasto, Ba Haka Ake Amsa Wa Uwa Ba

Malam Edita,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Tun daren Lahadin nan da na kashe rediyo, bayan shirinku da Fasto ke amsa wasiƙun masu sauraro, raina a ɓace yake, har maigidana ya ce in rubuto muku ko zuciyata ta yi sanyi.

Matar nan da aka karanta wasiƙarta, laifin me ta yi? Cewa ta yi ita ba ta yarda jariri mai zunubi ne ba, tunda bai san dama da hagu ba, bai yi ƙarya ba, bai ɗauki na kowa ba. Sai Fasto ya ɗaga murya ya jero mata Zabura 51:5 da Romawa 5:12, ya ce mai irin wannan tunani da Allah yake jayayya, ta je ta tuba. Ko minti uku bai ba ta ba. Amma wanda ya yi tambaya a kan baiko da zakka, kusan rabin shirin aka ƙarar a kansa.

Ba musun ayoyin nake yi ba. Tun a makarantar Lahadi aka koya mana cewa ta wurin mutum ɗaya, Adamu, zunubi ya shigo duniya, mutuwa kuma ta biyo bayansa, na kuwa gaskata. Abin da ya ƙona mini rai shi ne Fasto bai tsaya ya tambayi kansa me zai sa mace ta zauna ta rubuta irin wannan wasiƙa ba. Ni na sani, don na binne 'ya mai wata biyar. Zazzaɓi ne ya kama ta ranar Alhamis da dare. Asabar da asuba muna kan mashin za mu asibiti ta cika a bayana, ban ma sani ba sai da na kwance zanen goyo a ƙofar asibitin na ji jikinta ya saki.

A cikin masu ta'aziyya wata 'yar'uwa ta raɗa mini cewa in binciki kaina, ko akwai zunubin da ban furta ba. Wata biyu ban taka coci ba, taron Zumuntar Mata ma na daina zuwa. Tsohon fastonmu ne ya biyo ni gida. Baba ya zauna a kan tabarma, Littafi Mai Tsarki a rufe a cinyarsa, ya bar ni na yi kuka na faɗi duk abin da ke bakina, har da maganar da ba ta dace a faɗa wa Allah ba. Sai da na yi shiru ya buɗe 2 Sama'ila 12:23, inda Dawuda ya ce shi zai tafi wurin jaririnsa da ya mutu, jaririn ba zai komo wurinsa ba. Ya kai ni Yahaya sura 9, inda almajirai suka tambaya ko zunubin wa ya sa aka haifi mutumin nan makaho, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba. Ya ce, "'Yata, laifin Adamu gaskiya ne, amma ki karanta Romawa 5 har ƙarshe." Romawa 5 ɗin nan da Faston rediyo ya tsaya a aya ta 12, a aya ta 20 cewa ta yi inda zunubi ya yi yawa, alheri ya fi shi yawa. Me ya hana shi ƙarasa mata?

Kuma tambayar ba ita ta fara yin ta ba. Ɗana da ke makarantar Baibul ya ce mini a kan wannan magana Agustin na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, ya shekara da shekaru yana muhawara da Pelagiyus, wani malami da ya ce jarirai ba su gaji zunubin Adamu ba, har sai da majalisar bishop-bishop ta zauna a Kartaj a shekarar 418 ta ƙi koyarwar Pelagiyus. Har yau Katolika da Angilikan suna yi wa jarirai baftisma, 'yan ECWA da Baftis kuwa sai yaro ya yi wayo ya furta bangaskiya da bakinsa. Abin da manyan malamai suka daɗe suna kai da kawowa a kai, shi za a yanke wa uwa da tsawa?

Ku tuna ba mu kaɗai ke sauraro ba. Litinin da safe a bakin famfo maƙwabciyata, Musulma ce, ta ce mini, "Maman yara, ashe ku har jariranku 'yan wuta ne?" Kunya ta rufe ni, na ajiye bokitina na yi mata bayanin da Fasto ya kasa yi.

Roƙona a sake karanta wasiƙar matar nan ranar Lahadi mai zuwa, Fasto ya ba ta haƙuri, ya amsa mata a tsanake, da Markus 10:14 a ciki, inda Yesu ya ce a bar yara ƙanana su zo wurinsa. Sannan don Allah ku daina yanke waƙar yabo a tsakiya kuna saka tallar maganin basir. Makon jiya sau biyu aka yi haka, ana cikin baiti na biyu.

Taku cikin Ubangiji,
Mai sauraronku daga Kafanchan