Kafin a yaba wa rago, a tambayi cutar da jininsa ke jurewa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan rubutun da kuka buga kwanakin baya game da inganta irin tumaki. Marubucin ya yi ƙoƙari ƙwarai. Ya yi maganar nauyin rago, saurin girma da yawan haihuwar tagwaye. Sai dai na karanta tun daga farko har ƙarshe ban ga inda ya taɓo maganar cuta ba, kuma hakan ya tsaya mini a rai. Na daɗe ina kiwo, na kuma ga garken da cuta ta shiga: wasu tumakin su kwanta, wasu kuwa suna kiwonsu kamar ba abin da ya faru, alhali ruwa ɗaya suke sha, turke ɗaya suke kwana. Sau da yawa bambancin a jini yake.

Bari in ba da labarin da ya kamata duk mai shirin kawo sabon iri ya sani. A shekarar 1933 ƙasar Aisilan ta shigo da tumaki 20 irin Karakul daga garin Halle na Jamus, don a inganta fatar tumakin ƙasar. Lafiyarsu ƙalau a ido. An killace su na ɗan lokaci, ba a ga komai ba, aka rarraba su gonaki. Ashe kyan ɗan maciji ne. Suna ɗauke da wata ƙwayar bairos da jikinsu ya saba da ita, tumakin tsibirin kuwa sun yi ɗaruruwan shekaru a ware, jininsu bai taɓa haɗuwa da ita ba. Bayan 'yan shekaru tumaki suka fara haki, suna ramewa, wasu ƙafafunsu na baya suna shanyewa. Mutanen ƙasar suka kira ciwon huhun maedi, wato haki, na shanyewar kuma visna, wato ƙanjamewa. Garin neman ƙiba aka samo rama. Sai da aka yanka tumaki sama da 600,000, yanki bayan yanki, ana sake zuba wasu daga inda cutar ba ta kai ba, kafin a rabu da ita a 1965. A kan wannan cuta ne likita Björn Sigurdsson ya fito da bayanin ƙwayoyin cuta masu tafiyar hawainiya a 1954, waɗanda ke shekaru a jiki kafin su nuna kansu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a labarin shi ne killacewar da aka yi ba ta hana komai ba. Cutar da ke ɗaukar shekara biyu, uku ko fiye kafin ta bayyana, ina makonni za su tona ta? Har yau ba ta da magani, ba ta da allurar rigakafi. Tana bin dakashi da nono daga uwa zuwa ɗa, tana kuma bin numfashi inda aka cunkusa dabbobi wuri ɗaya.

Masana sun daɗe suna lura cewa wasu irin sun fi wasu kamuwa da ita, amma dalilin bai fito fili ba sai a 2012, lokacin da masu bincike a cibiyar nazarin dabbobin nama ta gwamnatin Amurka da ke Clay Center a jihar Nebraska suka gano wata ƙwayar gado, wato abin da ɗa ke gada a jini daga iyayensa, mai suna TMEM154. A gurbi na 35 na furotin ɗin da take ginawa, tunkiya kan gaji ɗaya daga siffofi biyu, ana kiransu E da K. Wadda ta gaji K daga uwa da uba duka ta fi tsira. Wadda ta gaji E, ko da daga ɓangare ɗaya ne, haɗarin kamuwarta ya kusa ninki uku. Irin Texel, wanda ake yabo saboda tsoka, yana cikin masu yawan E. Makiyayi ya san rago ɗaya shi ne rabin garke, domin shi ke barbarar tumaki masu yawa. To, idan ragon da aka saya saboda ƙirjinsa ya gaji E ta ɓangare biyu, duk 'ya'yansa sun gaji raunin.

Haka labarin cutar shuɗin harshe, wadda ƙananan ƙudajen cizo ke yaɗawa. Tana nan a Afirka tun fil azal, tumakin nahiyar suna ɗaukarta ba tare da ta kwantar da su sosai ba. Ba a san ta a matsayin annoba ba sai da aka kai tumakin Merino masu ulu Afirka ta Kudu, suka fara kumburin fuska da gyambon baki suna mutuwa. Zazzaɓin Rift Valley ma a gonar tumakin Merino kusa da tafkin Naivasha na Kenya aka fara gane shi a 1930, inda tumaki suka yi ta ɓari, jariran tumakin suna mutuwa.

Mai karatu zai iya cewa ai magana ta ƙare, irin gida shi ne mai ƙarfi, baƙo kuwa rarrauna. A nan nake so a yi hattara. Akwai cutar tumaki ta Nairobi, wadda kaska ke ɗauka, da a lokuta da dama ta fi kashe tumakin Gabashin Afirka masu gashi fiye da baƙin tumaki masu ulu. Juriya ba riga ɗaya ba ce da ke kare kowace kibiya. Tunkiya tana jure wannan cuta, waccan kuma ta kayar da ita cikin kwana uku. Ko ita K ɗin da na ambata, an samu wasu rassan bairos ɗin maedi-visna da ke kama tumakin da suka gaje ta daga ɓangare biyu. Ta rage haɗari, ba ta kawar da shi ba.

Wani darasin ya zo daga cutar scrapie mai lalata ƙwaƙwalwar tumaki, ko da yake ita ba bairos ke kawo ta ba, lalataccen furotin ne. Birtaniya ta fara wani shiri a 2001 na gwada jinin raguna tare da fifita masu siffar gado mai jure cutar da ake kira ARR, kuma cutar ta ragu sosai. Wannan ya nuna zaɓen iri yana aiki idan an yi shi da ilimi. Amma akwai wani nau'in cutar da aka fara gani a Norwe a 1998 wanda bai bar masu ARR ɗin ba. Kuma duk lokacin da aka matse garke zuwa jinin raguna kaɗan saboda siffa ɗaya, ana zubar da wasu siffofin da ba a san ranar da za a neme su ba. Shi ya sa nake jin zafi idan na ga ana raina ƙananan irin da ba su da nama da yawa, ana barinsu su ɓace cikin barbarar da ba lissafi. Abin da jininsu ya tara cikin ɗaruruwan shekaru na zama da sauro da kaska, babu ɗakin binciken da zai sake ƙera shi.

Ba ina cewa a daina kawo sabon iri ba, Malam Edita. Ni ma ina son rago mai cika ido. Ina cewa ne mai saye ya yi tambayoyin da ba a saba yi ba. Waɗanne cututtuka ne a garken da ragon ya fito? An gwada jininsa? Waɗanne cututtuka ne a inda za a kai shi, kuma irinsa ya taɓa haɗuwa da su? Haɗarin hanya biyu yake bi: baƙo na iya mutuwa da cutar da 'yan gida suka saba da ita, 'yan gida kuma na iya ƙarewa da wadda baƙon ya ɓoye. Sannan kada kowa ya fasa allurar rigakafin da ake da ita don an ce masa irinsa mai juriya ne, domin tunkiyar da ba ta kwanta ba tana iya zama ita ce ke raba cutar ga maƙwabta.

Roƙona gare ku shi ne ku nemi likitan dabbobi ya rubuta mana kashi na biyu na wancan rubutu, ya bayyana yadda ake gwajin jinin maedi-visna, a wane shekaru ake yi, da sau nawa ya kamata a maimaita kafin a saki sabon rago cikin garke.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani mai kiwon tumaki, kuma mai karanta jaridarku