Sai da na je Kuros Riba na gane ban san Hawan Kibo ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in amayar da wani abu da ya tsaya mini a rai tun hutun daminar da ta wuce.

Ni malamin makaranta ne mai ritaya. Shekara 31 na yi ina koyar da labarin ƙasa a sakandare a nan Jos. Allah kaɗai ya san sau nawa na zana matsirgar ruwa a allo: dutse mai tauri a sama, mai laushi a ƙasa, ruwa ya yi ta cin na ƙasan har na saman ya yi baki, ruwan ya riƙa faɗowa yana haƙa tafki a gindi. Yara su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa. Ni kuwa mai zanen sai da furfura ta cika mini kai na tsaya gaban matsirga da ƙafata, kuma ba a Filato ba, a can Jihar Kuros Riba da ke bakin teku.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba, kada in yi wa kaina kwalliya. Ƙanina ne da ya fi shekara 20 yana kasuwanci a Bogobiri, unguwar Hausawan Kalaba, zai aurar da 'yarsa ta fari. Ka dai san halinmu. Bahaushe ba ya ɗaura niyyar tafiya sai da dalili mai ƙarfi: biki, ta'aziyya, fatauci, asibiti, ko aikin Hajji. Wanda ya ce zai tafi don ya ga dutse da ruwa kawai, sai a ce ya rasa abin yi da kuɗi, ko kuwa boko ya yi masa yawa. Ni ma haka nake gani a da.

Muka tashi da asuba a motar babban ɗana, ni da uwargida da jikokina biyu. Akwanga, Lafiya, muka haye gadar Binuwai a Makurɗi, Gboko, muka faɗa Ogoja, dare ya riske mu a Ikom. Hanyar ba ta da abin yabo, don haka in wuce ta. Abu ɗaya dai na lura da shi: daga Ogoja zuwa gaba ƙasa ta sauya kama. Ciyawa ta ɓace, itatuwa suka yi tsawo suka haɗe kai, ga kwakwar manja, ga ayaba, ga gonakin koko. Tun ina yaro nake jin ana ce wa Kudu "Kurmi", ana cewa wane ya tafi Kurmi neman kuɗi. A ranar ce kalmar ta zauna mini daram.

Da safe ɗana ya ce, "Baba, tunda biki sai jibi, mu ratse Agbokim mana. Ba ta kai kilomita 20 daga nan ba." Na ce me za mu ɗauko a can? Uwargida ce ta raba gardama. Ta ce, "Malam, shekara nawa kana koya wa 'ya'yan mutane abin da ba ka gani ba? Mu je." Na yi shiru, don ba ni da amsa.

Agbokim tana Ƙaramar Hukumar Etung, dab da iyakar Kamaru. Kunne ne ke fara isa kafin ido. Tun muna cikin itatuwa na ji wani gunji kamar na tirela mai hawan tudu wadda ba ta ƙare hawan, har na waiga ina neman ta. Da muka fito fili sai ga bangon dutse mai faɗi, ruwa ya rabu gida bakwai yana zubowa daga samansa, kowane da nasa kauri, suna haɗuwa a ƙasa fari fat kamar an kaɗa nono. Watan Agusta ne, damina ta kankama, ruwan ya cika ya batse har wasu rassan sun nemi haɗewa. Feshinsa ya jiƙa mini babbar riga tun ban matsa kusa ba. Da rana ta ɗan leƙo sai bakan gizo ya fito a cikin feshin, ƙasa-ƙasa, kusa da mu, har jikata 'yar shekara shida ta miƙa hannu za ta kama. Na buɗe baki zan yi mata bayanin yadda haske ke rarrabuwa a cikin ɗigon ruwa, irin na aji, sai na ji bayanin ya yi mini ƙanƙanta. Abin da ya fito kawai shi ne Subhanallah.

Wani abu da zanen allo bai taɓa gaya mini ba shi ne iska. Ruwan da ke faɗowa yana turo iska mai sanyi gaba da shi, har ta ɗage mini hula. Wani kuma shi ne santsi. Duwatsun wurin sun sha gansakuka, ni kuma na zo da takalmin fata mai sulɓin ƙasa, na zuwa ɗaurin aure. Taku uku na yi na zauna daɓas a gaban iyalina. Babu abin da ya karye sai girma. Har yau in jikokin suna son tsokanata sai su ce, "Kaka, a yi mana irin ta Agbokim."

Aka yi biki lafiya a Kalaba. Ƙanina ya zaga da mu gari: bakin kogi a Marina, inda aka yi gidan tarihin cinikin bayi, da tsohon gidan Razdan da ke kan tudu, wanda yanzu shi ma gidan tarihi ne. Ya ce in na ga Kalaba a watan Disamba ba zan gane ta ba, saboda bikin kalankuwar nan na Carnival da aka fara a 2004 zamanin Gwamna Donald Duke, lokacin da masauki ke wuya kamar ruwa a rani. Amma ya ba ni wata shawara da nake son masu karatu su riƙe: mai son ganin taro ya zo a Disamba, mai son ganin ruwa ya zo da damina ko ƙarshenta, don da rani matsirga takan rame, wani reshen ma ya koma kamar zare.

Kwana biyu bayan biki muka nufi Kwa, a Ƙaramar Hukumar Akamkpa, kimanin kilomita 25 daga Kalaba. Ana ratsa gonar kwakwar manja mai faɗin gaske kafin a isa. Nan ne gefen tsaunukan Oban, waɗanda kurminsu ke cikin gandun dajin ƙasa na Kuros Riba da aka kafa a 1991, kurmin da ya zarce har cikin Kamaru ya haɗu da na Korup. Kwa ba irin Agbokim ba ce. Ita a cikin kwazazzabo take, matsattse, kogin ya tsaga dutse ya faɗa rami, kuma sai an sauka matakala sama da 200 kafin a kai gindinta. Sauka ba wuya. Hawa ne ya nuna mini shekaruna. Sau huɗu ina zama, gumi na tsiyaya, don zafin can ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne, ba ya barin gumi ya bushe. Uwargida tun a matakala ta 50 ta ce ita ta ga iya nata, ta zauna tana lazimi tana jiran mu.

A zama na uku ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru. Saurayin da ke yi mana jagora, ɗan ƙauyen wurin, ya tambaye ni da Turancin buroka daga ina muke. Na ce Jos. Sai fuskarsa ta washe. Ya ce ya yi hidimar ƙasa a Filato, kuma duk ƙarshen wata shi da abokansa sukan je matsirgar Assop. Ya ce, "Baba, tsakanin tamu da taku wacce ta fi?"

Edita, ka san Assop. Tana nan gindin Hawan Kibo, a bakin titin Jos zuwa Abuja, tafiyar kamar awa ɗaya daga ƙofar gidana. Na wuce ta ya fi sau ɗari. In mota ta zo wurin, abin da ke raina shi ne addu'ar Allah ya sauke mu gangaren lafiya, sai kuma cinikin masara da ayaba a bakin hanya. Ban taɓa cewa direba ya tsaya ba. Sunanta yana cikin darasin da nake bayarwa, ina rubuta shi a allo tare da Kurra da Gurara da Farin Ruwa. Ga yaron da aka haifa a bakin teku ya san ta ciki da bai, ga malamin labarin ƙasa ɗan Jos yana ƙifta ido. Na ce masa kowacce da irin kyanta. Amsar marar gaskiya ke nan, kuma ina jin ya gane.

A hanyar dawowa na yi ta lissafi. Mutane na biyan kuɗi mai yawa su hau tsaunin Obudu, a arewacin Jihar Kuros Riba, don su ji sanyi a tsawon mita 1,576. Mu a Jos muna kwana muna tashi a kan tudu mai tsawon mita 1,200 da ɗoriya, ga duwatsun Shere a bayan gari sun haura mita 1,800. Tudun nan namu shi ne uwar ruwan rabin Arewa: Kogin Kaduna da Gongola daga nan suke tasowa, haka ma rafukan da ke ciyar da Kogin Haɗeja. Duk inda ruwa ya zo gefen tudun dole ya faɗa, shi ya sa aka kewaye mu da matsirga ta ko'ina. Farin Ruwa ta wajen Wamba a Nasarawa tana faɗowa daga tsawon kusan mita 150, ta fi duk wadda na gani a Kuros Riba tsawo nesa ba kusa ba. Ta kusa da Kafanchan ma ba a wahalar da kai wajen raɗa mata suna ba, Matsirga kawai ake ce mata. Ruwan Kurra kuwa tun wajen 1929 kamfanin NESCO ke juya shi ya zama lantarki, da farko don ma'aikatun haƙar kuza. Turawan kuza sun san darajar ruwan nan tun kakanninmu na da rai. A jikin lambar motarmu an rubuta cewa jiharmu gidan zaman lafiya ce da yawon buɗe ido, amma yawancinmu a unguwannin Hausawa ba mu ɗauka da mu ake ba.

Na san abin da za a ce, kuma ba ƙarya ba ne. Tun rikicin Satumban 2001 kowa ya koma ya lafe a unguwarsu, akwai ƙauyukan da mutum zai yi tunani biyu kafin ya shiga, ga tsadar mai, ga abin da za a ci yau ma ana nema. Ban ce kowa ya kwashi iyali ya faɗa daji da ka ba. A tambayi mutanen wuri, a tafi da rana, a tafi da wanda ya san hanya, a dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Amma in za mu faɗi gaskiya, kafin 2001 ma ba ma zuwa. Ni shaida ne: shekaruna na farko a aji lafiya lau ake zaune, makarantarmu tana da bas, kuma ko sau ɗaya ban rubuta wa shugaban makaranta takardar neman a kai yara Assop ba. Laifin nawa ne, ba na rikici ba. Mu da muke karanta umarnin Ubangiji a Suratul Ankabut cewa mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ya fari halitta, ban san inda muka samo cewa kallon ikon Allah aikin marasa aikin yi ba ne.

Roƙona gare ka guda biyu ne. Ka tura wakilinka ya zaga waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya, ya rubuto mana da Hausa yadda ake zuwa, da watan da ya fi dacewa, da abin da za a tarar, don kusan duk abin da aka rubuta a kansu da Turanci yake, kamar baƙi kaɗai aka yi wa su. Sannan ka taya ni kira ga shugabannin makarantu, na boko da na Islamiyya, su sa irin wannan fita a tsarin zango ko da sau ɗaya a shekara. Masu kula da wuraren kuma, in za a samu matakala mai abin riƙewa, da makewayi mai tsabta, da 'yar rumfar da mutum zai shimfiɗa darduma, iyalai irin nawa za su zo. Matanmu ba shiga ruwa za su yi ba, wurin zama suke so inda za su baza tabarma su buɗe kula.

Makonni uku da dawowarmu na tara jikokina biyar da 'ya'yan maƙwabta uku, muka yi hayar ƙaramar bas zuwa Assop. Wannan karon da takalmin roba na je. Ba ta kai Agbokim faɗi ba, ba ta da zurfin Kwa, amma ruwan yana gangarowa bisa baƙaƙen duwatsu irin namu na Filato, ga itatuwa sun yi masa rumfa a bakin rafin, ga sanyin da ba ya sa gumi. Na tsaya a kan wani falalen dutse na nuna musu inda ruwa ya ci dutse, da tafkin da ya haƙa a gindi, babu alli babu allo. Wani ɗan maƙwabcina mai shekara tara ya ja mini riga ya ce, "Malam, wa yake kashe shi da daddare?" Na ce ba a kashewa. Bai yarda ba, ya ce sai mun dawo da dare ya gani da idonsa. Na yi masa alkawarin Farin Ruwa in Allah ya kai mu ƙarshen damina mai zuwa, in gwiwoyina sun amince.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Tsohon malamin labarin ƙasa,
Unguwar Rogo, Jos.