Wasiƙa zuwa Agadas: kada ka sayi altaneto tukuna

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ƙanenka ya sauka Kano lafiya, kuma a bakinsa na ji abin da kai ba ka ga dama ka faɗa mini ba: Land Cruiser ɗin da kake ɗauko albasa da ita daga Tabelot ta koma sai an tura da safe, har wani mai rewaya ya yanke maka kuɗin sabon altaneto, na'urar da ke yi wa batir caji. Haba Alhaji! Kai da ko goro sai ka taya sau uku, za ka zare kuɗin altaneto ba a ɗora mitar awon wuta ba? Don Allah dakata.

Fara da duba yadda aka haɗa batiran biyu. Idan ja na tare da ja, baƙi da baƙi, motar mai volt 12 ce. Idan jan ɗaya ya shiga baƙin ɗaya, 24 ce, sai ka ninka alƙaluman cajin da zan ba ka in kana auna biyun a haɗe ko bayan altaneto. A haɗin 12, batiran suna rufa wa juna asiri. Mita za ta nuna maka lamba guda, alhali mataccen yana zuƙe mai ran duk dare. Saboda haka ka kashe mota, ka cire baƙaƙen kawunan duka biyun kafin ka taɓa ja, domin in ka cire ɗaya kawai jar wayar tana nan da wuta, sifana na taɓa ƙarfe sai tartsatsi. Ka bar su su huta awa biyu ko uku, sannan ka auna kowanne shi kaɗai. 12.6 cikakke ne, 12.2 rabi ne. Wanda ka yi wa caji ya koma wajen 10.5, gida ɗaya cikin shida ya mutu, babu asid ɗin da zai tashe shi. In ɗaya ya mutu, sauya biyun, iri ɗaya, girma ɗaya. Na san aljihu zai yi kuka, amma tsoho da sabo in aka haɗa, sabon ne ke cutuwa.

Yanzu garin nan fari da kore da ƙanenka ya ce ya taru a kawunan. Tururin asid ne ke cin darma da tagulla, kuma zafin garinku yana ƙara masa gudu. Wanda ke cuta shi ne siririn da ya shiga tsakanin kan batir da maɗaurinsa, inda ido ba ya kaiwa. Fitila da rediyo za su kama, amma kik na injin gas yana jan ɗaruruwan amfiya, a nan wutar ke maƙalewa, sai ka ji "ƙas" kawai. Gwajinsa: tsinken mita ɗaya a kan darmar batir ɗin kanta, ɗaya a kan maɗaurin, wani ya yi kik. Abin da ya haura 0.1 zuwa 0.2, wurin ne. Haka za ka yi daga baƙin kai zuwa jikin inji; in ya wuce 0.3, wayar as, wato wadda ta haɗa baƙin kai da ƙarfen mota, ta ci tsatsa ko notinta ya saki. Ka lanƙwasa wayar da ta haɗa batiran biyu, in ta kumbura ko ta yi tauri kusa da kai, yanka robar ka gani, sau da yawa ciki ya zama kore. A 9.6 kuma batir mai lafiya yake tsayawa ko sama lokacin kik, ba ya faɗuwa ƙasa.

Wankin ba wuya. Cokali ɗaya na bakin soda a kofin ruwan ɗumi, in babu, jiƙa kanwa, ai ku ne gidanta. Zuba har kumfa ta daina, amma toshe murafan da kyau, in ya shiga ciki ya kashe asid ɗin. Goge da burushin waya har ƙarfe ya yi haske, busar, ɗaura ja tukuna sannan baƙi, ka shafa giris daga waje bayan ka ɗaure. Maɗaurin da ya buɗe a sauya shi. Ƙusar nan da yaranka ke bugawa a ciki tana iya tsaga wuyan batir, asid ya riƙa tsattsafowa.

Af, an ɗaura auren 'yar Malam ranar Juma'a, Inna ta ce ta lura babu ko saƙonka. Kai ka san yadda za ka wanke kanka.

Sai bayan duk wannan a tuhumi altaneto. Tayar da mota, kunna fitilu, ɗan taka totur: 13.8 zuwa 14.4 ake so a kan kowane batir. In bayan altaneto na ba da 14 amma batir na ganin 13, laifin waya ne ko babban fis ɗin da ke kusa da jan kai. In ko'ina ƙasa da 13 ne, danna fambel, kada ya lotsa fiye da santimita ɗaya, sannan a duba burushin cikin altaneto. In ya kai 15, regileta, mai daidaita wutar altaneto, ita ce ke dafa batiran, ita ce ma ke ƙara garin, kuma ruwa zai riƙa ƙafewa. Ruwan batir tatacce za ka ƙara, ban da na rijiya. Kada ka bari kowa ya cire kan batir inji na aiki wai gwaji, haka ake ƙona diyod ɗin cikin altaneto.

Kada ka hau dutsen nan da kaya sai ka turo mini lambobin da mita ta ba ka. Kuma cukun da ka yi alkawari tun azumi, yaran gidan nan ba su manta ba. A gaida Hajiya.

Naka har kullum.